Ɓerayen Jan Kati

Samarin da ke zama a bakin shagon cajin waya na ƙofar gidana a Gaya sun sa mini suna Baba Mai Ɓera. Ba na jin haushi, don sunan bai yi ƙarya ba. Kwanakin baya ɗaya daga cikinsu, wanda ya gama karatun kimiyya yana neman aiki, ya ce da ni, "Baba, da gaske shekara ashirin da shida gwamnati tana ba ka albashi don ka ciyar da abin da mu muke sayo wa guba? Ni ma ka yi mini hanya mana, wannan aikin ko ina gyangyaɗi zan yi shi." Suka yi dariya, ni ma na taya su. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don duk mai ganin kiwon ɓerayen ɗakin gwaji wasa ne ya ji daga bakin wanda ya iya aikin, kuma iyawar ce ta kai shi ƙasa.

Sunana Bukar, haifaffen Gafasa ne ni, a ƙasar Ajingi. Kakanninmu daga gabas suka zo, suka zauna suna noman gero da kiwon awaki. A hannun mahaifina na koyi abu na farko da kowane ɗan manomi yake koya: in an yi girbi, zangarniyar da ta fi cika ita ake ratayewa don iri, kuma akuyar da take haihuwar raunana ba a barin 'ya'yanta a garke. Da na bar sakandare ban ƙarasa ba, wani kawuna ya samar mini aikin shara a wata jami'a a birni. Daga shara aka tura ni gidan dabbobi, wani dogon gini a bayan sashen koyon likitanci, wanda ɗalibai sai sun toshe hanci suke wucewa ta gabansa.

Wankin keji shi ne aikina na farko, kuma wata shida ban taɓa wani abu ba sai shi. Maigidana a wurin, Baba Audu, tsoho ne siriri mai ƙarancin magana. Za ka juye tsohon garin katakon da ake shimfiɗa musu, ka kankare gindin kejin da buroshi, ka wanke da ruwan zafi, ka shanya a rana, sannan ka kawo masa ya shinshina. In ya ji ƙamshin sabulu sai ka sake, don ɓera da hanci yake gane gidansa, in ka canza masa wari uwa tana iya cinye 'ya'yanta. Ranar da na shafa turare na zo aiki, daga bakin ƙofa ya mayar da ni. Bayan keji sai kwalaben ruwa, kowace da ɗan bututun ƙarfe da dole ka taɓa da yatsa ka ga ɗigo ya fito, domin bututu ɗaya in ya toshe a watan zafi, kwana biyu ya isa ka tarar da keji guda a kwance. Sai da ya ga na daina fasa masa kwalabe sannan ya bar ni na kama ɓera. Gindin wutsiya ake kamawa, ba ƙarshenta ba. Ka ɗora shi a kan murfin kejin mai ragar waya ya riƙe da ƙafafunsa, sai ka tattaro fatar ƙeyarsa da yatsu biyu. In ka matse ya shaƙe, in ka sassauta ya juyo ya ba ka haƙori. Har yau babban yatsana na dama yana ɗauke da tabon makon farko.

Abin da Baba Audu ya fi tsanantawa a kai shi ne kati. Kowane keji yana da ɗan kati a goshinsa: wace ce uwa, wane ne uba, yaushe aka haife su, na wane malami ne. Yakan ce, "Bukar, masu farar riga ba ɓera suke gani ba, kati suke karantawa. In katin ya yi ƙarya, duk abin da suka rubuta a littafinsu ƙarya ne, kuma ba su da hanyar sani." Na ji wannan magana sau ba adadi, har nakan kwaikwayi muryarsa in ba ya nan.

Masu zuwa wajenmu kuwa iri-iri ne. Akwai farfesan da zai aiko da takarda ranar Laraba yana son ɓera talatin, duk maza, duk nauyi ɗaya, kafin Juma'a, sai ka ce a kanti ake ɗebo su. Akwai ɗalibin da zai shigo da sabuwar farar riga yana yi maka kallon ɗan aike, ɓera na motsawa a tafin hannunsa ya yi wurgi da shi ya haye kujera. Ni ne mai rarrafe a ƙarƙashin kanta ina nema. Bayan Baba Audu ya yi ritaya gidan ya dawo hannuna, kuma ba yabon kai ba, fararen ɓerayena sun yi suna, har daga wasu makarantu ake zuwa nema. Sirrin ba komai ba ne illa idon Gafasa. Uwar da ke tara sheƙa da kyau, mai yawan nono, wadda 'ya'yanta ke fitowa da gashi sumul, daga ita nake ajiye iri. Shekara goma sha tara ina haka ana yaba mini, har na kai ga ganin cewa duk faɗin ginin nan babu wanda ya san ɓera sai ni.

Akwati biyu masu ramukan shan iska Dakta Bilki ta shigo da su ranar da na fara ganinta. Likita ce matashiya da ta koma koyarwa, tana neman digirinta na ƙarshe. Da muka gaisa ta ce, "Baba, kai ɗan ina ne?" Na ce Gafasa, amma iyalina suna Gaya. Sai ta yi murmushi ta ce ita 'yar Balan ce, 'yar gidan Malam mai makarantar allo. Na san gidan. Na kuma san ƙaninta Habu, kamar yadda duk mai cin kasuwar Gaya ya san shi. Ƙaton mutum ne mai fara'a, ya kusa talatin amma maganarsa ta ɗan shekara shida, kuma in babur ya yi ƙara kusa da shi sai ya toshe kunnuwa da hannu biyu ya durƙusa yana jijjiga.

A cikin akwatunan akwai baƙaƙen ɓeraye goma sha shida, takwas masu jan kati, takwas masu kore. A ido duk ɗaya suke. Daga ƙasar waje ta taho da su, bayan ta shekara biyu tana rubuce-rubucen neman izini, kuma an gaya mata ƙarara cewa ba za a sake ba ta wasu ba. Ta zaunar da ni a kan benci ta yi mini bayani da Hausa, abin da babu malamin da ya taɓa yi mini. Ta ce a cikin ƙwaƙwalwa saƙo iri biyu ne ke yawo, akwai mai cewa tafi, akwai mai cewa dakata.

"Kamar babur ne, Baba, totur da birki," in ji ta. "Masu jan katin nan totur ɗinsu lafiya lau, birkin ne ya yi rauni. Ƙara kaɗan sai ta cika musu kai, babu abin da zai tsayar da ita. Shi ya sa suke firgita, ba sa zama wuri ɗaya, koyon abu kuma yake yi musu wuya. Lalurar gado ce, ta wajen uwa take bi, ta fi fitowa a jikin 'ya'ya maza. Irinta ce a jikin Habu, irinta ce a jikin kawuna, ƙanin mahaifiyarmu."

Masu koren kati danginsu ne lafiyayyu. Aikinta shi ne ta auna ƙarfin wannan birki a ƙwaƙwalwar ja da ta kore ta ga bambancin, sannan ta gwada ko wani magani da ake iya samu a nan zai ƙara masa ƙarfi. Don in gani da idona, sau ɗaya tak, ta ciro makullanta ta kaɗa su a saman keji. Masu koren kati suka ɗaga kai suka koma cin abinci. Masu jan kati suka zabura suna zagaye kejin da gudu, ɗaya ya faɗi ya miƙe ƙafafu yana karkarwa, sai da ya ɗauki lokaci ya farfaɗo.

Ta ce, "Abu ɗaya nake roƙo. Ja da ja, kore da kore. Ko da wasa kada su haɗu."

Na ce, "Dakta, ai wannan ƙaramin abu ne."

Kiwon masu jan kati ya koya mini tafiya da sanɗa. Na ajiye takalmin fata na koma silifa, na zuba wa ƙofar ɗakinsu baƙin mai don ta daina kuka, makullaina na naɗe su a tsumma. Murfin keji ba a ajiye shi a kan tebur sai an shimfiɗa buhu. Iyayen ba su iya reno sosai ba, uwa za ta haihu ta watsa 'ya'yan kusurwa huɗu, sai na bi da cokalin roba ina tattaro mata su. Cikin shekara guda na kai su keji arba'in da danginsu. Dakta ta ji daɗi, amma ni a raina ban ƙaunace su ba. Ɓerayen da suke ramewa a hannuna ina ganin suna ɓata mini suna.

Sai muguwar shekarar ta zo. Dakta ta koma ƙasar waje koyon na'urar da za ta yi awon da ita, ba ta jima da tafiya ba aka shiga dogon yajin aiki. Aka yanke wuta, famfo ya ƙafe, mai kawo abincin dabbobi ya daina zuwa, ga shi ana tsakiyar zafin bazara. Na kira ta a waya, ta nemi izinin shugaban sashe, aka yarda in rage su zuwa keji goma sha biyu, ja shida kore shida, in taho da su gida. Na ɗauki shatar ƙaramar mota, na lulluɓe kejin da jiƙaƙƙun buhunan algarara, na roƙi direba kada ya taɓa oda har mu isa Gaya. A wani ɗakin ƙasa mai sanyi da ke bayan gidana na jera su. Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe haɓa ta ce shekara da shekaru tana korar ɓera daga ɗakin nan, yau ga shi na kawo su da mota.

Abincinsu da hannuna nake haɗawa: dussar masara, ƙuli-ƙuli da busasshen kifi, in kwaɓa in mulmula in shanya. Mahaifin Dakta yakan aiko da buhun dussa daga Balan ranar kasuwa, kuma Habu ne ke biyo mai a-daidaita-sahun da ke kawowa, don yayarsa ta gaya masa tana da ɓeraye irinsa, kuma tana nema musu magani. Ranar farko ya cire takalmi ya shiga ɗakin a hankali ya tsuguna yana kallonsu. Ana cikin haka injin niƙan da ke bayan katangarmu ya tashi. Habu ya toshe kunnuwa ya sunkuyar da kai, masu jan kati suka kama gudu a keji. Da injin ya tsaya ya ɗago ya ce, "Baba, su ma ba sa so." Daga ranar, duk zuwan da zai yi tambayarsa ɗaya ce, ko sun warke, ni kuma in ce da saura.

Injin nan shi ya zame mini bala'i. Na roƙi mai shi, amma mutum ba zai rufe sana'arsa saboda ɓera ba. Cikin wata ɗaya ɓera biyar suka mutu da farfaɗiya, haihuwa kuma ta ja baya. Wata ranar kasuwa yayana Modu ya zo daga Gafasa, na shigar da shi ya gani. Ya daɗe yana duba su, irin duban da yake wa akuya kafin ya taya, sannan ya ce, "Bukar, jininsu ne ya yi kusa. In akuya ta fara haihuwar irin wannan, bunsuru ake arowa daga wani gida. Kai ga ƙarfafan maza nan a gefe kana kallo."

Na ce, "Yaya, mai su ta hana."

Ya ce, "Ita ta taɓa kiwon ko da kaza?"

Ba zan ɗora wa Yaya Modu laifi ba, don abin da ya faɗa shi ne abin da na kwana biyu ina faɗa wa kaina. Na ce in na zuba ido za su ƙare gaba ɗaya, ta dawo ta tarar da keji babu kowa. Na ce yarinyar littafi ce, ta san ƙwaƙwalwa amma ba ta san kiwo ba. Wayata tana aljihuna, lambarta tana ciki. Ban kira ba, saboda na san amsar da za ta ba ni kuma ba na son jin ta.

Washegari da hantsi na ɗauki maza shida mafiya ƙiba daga koren kati na zuba su wajen matan jan kati. Bayan sati uku suka haihu. 'Ya'ya mazan duk suka fito da firgitar iyayensu mata, sai na rage su yadda aka koya mini, ba tare da wahalarwa ba. Matan sun fi natsuwa, da suka isa sai na sake haɗa su da mazan kore. A haihuwa ta biyu wajen rabin mazan ne kawai ke firgita. Daga nan idon Gafasa ya kama aiki sosai. Duk safiya in injin ya tashi ina tsaye ina kallo, uwar da na ga ko da ɗa ɗaya nata ya zabura, ita da zuriyarta ba sa shiga iri. Tsofaffin iyayen na farko suka tsufa suka ƙare. Katin kuwa ban taɓa shi ba, na bar shi ja, don a tunanina gidan ja ne na gyara. Kafin wata tara, injin zai yi ta ruri su kuma suna cin abincinsu, sun yi ɓul-ɓul, gashi yana sheƙi.

Ranar kasuwar da ta biyo baya Habu ya zo da dussa ya yi tambayarsa. Na kama hannunsa na kai shi ɗakin, muka jira injin ya tashi. Ya toshe kunnuwansa, amma idonsa yana kan kejin, babu ɓeran da ya zabura. Na ce da bakina, ina washe haƙora, "Ka gani, Habu? Sun warke."

Ya yi ta dariya yana tafa cinya. Ya ce, "To saura ni."

Da aka janye yajin aiki na mayar da su birni, Dakta ma ta dawo. Da ta ga kejin cike da lafiyayyun ɓeraye sai da ta share ido da gefen mayafinta. A wasu sassan dabbobi sun mutu ƙurmus, nawa kuwa ko'ina rai, har aka tara mutane aka ba ni takardar yabo. Na yi niyyar gaya mata dabarar da na yi, ina jiran ranar da hankalinta zai kwanta in ba ta labarin a matsayin albishir. Akwai gwajin da ake yi da ɗan guntun fatar kunne a gane mai lalura da lafiyayye, amma sinadarin gwajin ya lalace a firiji lokacin da babu wuta. Ba ta damu ba, don irin da ba a gauraya ba ba ya buƙatar gwaji, kuma ga kati, ga Baba Bukar.

Sati biyu da dawowarta ta shigo da ɗalibanta za ta nuna musu. Ta ciro makullai ta kaɗa a saman jan kati. Ɓerayen suka ɗaga kai suka koma cin abinci. Ina gefe ina murmushi, bakina ya cika da albishir. Ta sake kaɗawa da ƙarfi, ta matsa keji na biyu, ta matsa na uku. Sai na ga fuskarta ta canza irin ta wanda ya laluba aljihu ya ji wayam. A nan bayanin da ta yi mini a kan benci ya dawo mini daki-daki. Ba lafiyayyu take nema ba, masu raunin birkin su ne aikin gaba ɗaya, kuma ni na bi su ɗaya bayan ɗaya na share su daga duniya. Ta juyo ta ce, "Baba, ko sun saba da ƙara ne a Gaya?"

Na ce, "Wataƙila, Dakta. Akwai injin niƙa a bayan gidana."

Haɗa ja da kore kuskure ne na jahilci da girman kai. Wannan amsar kuwa ƙarya ce da na yi ina sane, kuma ita ce abin da har gobe ba na iya tunawa ban sunkuyar da kai ba.

Wata biyar ta yi tana awo. Kullum da safe ni nake ɗaukar keji in kai mata ɗakin na'ura, ja ɗaya kore ɗaya, in yi mata sannu da aiki in fito. Kullum sakamako ɗaya ne, birkin ja daidai yake da na kore, babu bambanci ko kaɗan. Ta zargi na'urar ta warware ta ta sake haɗawa. Ta zargi ruwan da take haɗa sinadari da shi. Daga ƙarshe ta zargi hannunta. Ta rame, ta daina wasan da take yi da ni. Ni kuwa kullum sai in ce gobe zan faɗa, in goben ta zo in tuna takardar yabo da 'yan shekarun da suka rage mini in yi ritaya. Ranar da ta gabatar da aikin a gaban manyan malamai ina tsaye a bayan ɗakin, don ni na shigo da kujeru. Wani farfesa ya cire tabarau ya ce abin da aka daɗe da sani a irin waɗannan ɓeraye ma ta kasa gani, to ko dai an yi mata sakiyar da babu ruwa a inda ta ɗauko su, ko kuma yawon buɗe ido ta je yi ba koyon aiki ba. Wasu suka yi dariya. Ita kuwa tana tsaye da takardunta a hannu.

A hutun babbar Sallah na hau babur daga Gaya na tafi Balan bayan la'asar. Na gaisa da Malam, na ce wajen Dakta na zo. Ta fito zaure ta shimfiɗa mini tabarma. Habu yana zaune a bakin ƙofa yana ɓarar gyaɗa a faranti. Na faɗa mata komai tun daga injin niƙa har zuwa mazan kore shida. Da na gama sai bakina ya ci gaba da neman mafaka, na ce, "Kin san mu a wajenmu, Dakta, ba a ajiye iri daga mai lahani."

Kafin in rufe baki na ji abin da na faɗa. Ta juya ta kalli Habu, ni ma na kalle shi. Yana ta ɓarar gyaɗarsa bai san ana yi ba. A bayan labulen zauren na hangi ƙafafun mahaifiyarsu, ta zo kawo mini ruwa ta tsaya cak. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Dakta ta ce, a hankali, "Baba Bukar, waɗanda ka rage ɗin nan, su na ƙetare teku na ɗauko. Lafiyayyu ai da ma muna da su." Sannan ta ce, "Yaushe ka gane?"

Na ce, "Ranar makullai."

Ta ƙirga da yatsunta har biyar. Ta ce, "Wata biyar kana kawo mini keji, kana yi mini sannu da aiki."

Ta karɓo ruwan daga hannun mahaifiyarta ta ajiye a gabana ta shige gida.

Daga baya ta samo sinadarin gwaji, muka bi kunnen kowane ɓera mai jan kati, ni ina riƙewa ita tana yanka. Ko ɗaya ba a samu mai ɗauke da lalurar ba, don aikin zaɓen iri na iya shi. Ta rubuta wa waɗanda suka ba ta, suka amsa cewa ba su da halin sake aikowa. A rahotonta ta ce an samu gauraya lokacin yajin aiki, kuma laifinta ne da ba ta yi gwaji ba kafin ta fara awo. Sunana bai fito ba. Na roƙe ta ta sa, ta ce korata ba za ta dawo da ɓera ko ɗaya ba. Ta canza wani aikin daban da bai shafi lalurar gidansu ba, ta gama a makare da shekara uku. Ni kuma na yi ritaya da mutuncina a idon mutane, takardar yabon tana ƙasan akwati, ban taɓa rataye ta ba.

Saboda haka kai mai son in yi maka hanya, wankin keji za ka iya, kamun ɓera sati biyu ya ishe ka. Abin da ke da wuya shi ne ka shekara ashirin kana ƙwarewa, sannan a ce maka ja da ja, kore da kore, ka bi ko da idonka yana gaya maka ka fi mai umarnin sani. In kuma hannunka ya riga ya yi ɓarna, ka faɗa a ranar, kafin wani ya tsaya a gaban mutane yana amsa laifinka.

Habu har yanzu yana zuwa kasuwar Gaya. Furfura ta fara fito masa a gemu. In ya hango ni daga rumfar masu hatsi sai ya sauke hannu ɗaya daga kunnensa ya ɗaga mini, ya ratso mutane ya zo. Shi ba ya mantuwa da abin da aka gaya masa, kuma babu wanda ya iya warware masa abin da na faɗa a ɗakin ƙasa. Makon jiya ma ya riƙe mini hannu, babura suna wucewa yana runtse ido, ya ce, "Baba Mai Ɓera, ɓeraye sun warke. Yaushe nawa?"

Na ce, "Da saura, Habu."

Ya ce, "To ka gaya wa Yaya ina jira."